Makiyayi da Garken Ƙarfe: Tarihin Hulɗar Ɗan Adam da Gungun Ƙananan Saƙago

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga tururuwa sun taru a kan mushen fara suna jansa zuwa raminsu, to, ya ga tushen maganar da wannan lacca za ta bi diddiginta. Farar nan ta fi kowace tururuwa nauyi ninkin-ba-ninkin, ba sarkin aiki a cikinsu, ba kuma mai ba da baki kamar yadda akan yi wajen ɗaukar jinka, amma duk da haka kayan yakan isa gida. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 masana ƙere-ƙere a Turai da Amurka da Japan suke fafutukar ƙera ƙananan saƙago, watau injunan da ke tafiyar da kansu, waɗanda za su iya irin wannan aiki a gungu. An sha ba da labarin nasarorinsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne matsayin mutum a cikin sha'anin, watau yadda aka fara da neman fid da shi, yadda tilas ta sa aka komo da shi, da kuma inda aka tsai da shi bayan an komo da shi.

Kalmar da Turawa ke kiran waɗannan injuna da ita, robot, ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, ya wallafa cikin 1920, kuma asalinta a harshensu yana nufin aikin tilas. Hausawa kan ce mutum-mutumi ko saƙago. Sai dai waɗanda ake magana a kansu a nan ba su da kamar mutum ko kaɗan: wani bai fi murfin kwalba ba, wani kamar akushi a kife, wani kuwa kamar ƙaramin tebur mai tayoyi.

Saƙagon farko da ya kama aiki a masana'anta, mai suna Unimate, ya fara ne cikin 1961 a wata ma'aikatar motoci ta General Motors a Jihar New Jersey, yana ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba a zubi tun yana da zafi. Shi da zuriyarsa ƙarfafa ne, kurame, makafi. A watan Janairu na 1979 wani injin ɗauko kaya ya buge wani ma'aikaci a ma'aikatar Ford da ke Flat Rock a Jihar Michigan, ya mutu nan take. Saboda irin wannan haɗari, hulɗar mutum da saƙago a wancan zamani ba ta wuce shinge ba: a kewaye injin da keji, a hana mutum shiga. Waɗanda suka soma tunanin gungu kuwa wata hanya dabam suka biyo, kuma mafarinta yana wajen masanin ƙwaƙwalwa da masanin ƙwari.

Masanin ƙwaƙwalwar shi ne William Grey Walter na birnin Bristol a Ingila. Tsakanin 1948 da 1949 ya ƙera 'yan injuna biyu masu siffar kunkuru, ya sa musu suna Elmer da Elsie. Kowanne yana da idon lantarki guda mai neman haske, da abin jin karo, ba wani abu da za a kira tunani. Amma da yake ya liƙa wa kowannensu 'yar fitila, sai ya zamana in sun haɗu sukan yi ta kusantar juna suna ja da baya, har mai kallo ya rantse wasa suke yi. Masanin ƙwarin kuwa Bafaranshe ne, Pierre-Paul Grassé, wanda ya yi nazarin garar Afirka. Tambayarsa ita ce wadda kowane yaro kan yi in ya ga suri: wa ya zana musu wannan gini? An daɗe ana zaton uwar gara ce ke ba da umarni daga ɗakinta. Cikin 1959 Grassé ya nuna ba haka ba ne. Gara ɗaya takan ajiye ɗan curin laka da ta cuɗa da yawunta. Ƙanshin curin sai ya jawo wata ta ɗora nata a kai. Inda curi ya fi yawa nan ya fi jan masu ɗorawa, har ya zama ginshiƙi, ginshiƙai biyu na kusa su ranƙwafo su haɗu. Watau aikin da aka riga aka yi shi ke gaya wa mai zuwa abin da zai yi. Ya raɗa wa wannan hali suna stigmergie, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar alama da aiki.

Shekara talatin wannan bayani ya yi yana kwance a littattafan masana ƙwari kafin masu ƙira su waiwaye shi. Cikin 1989 Gerardo Beni da Jing Wang suka fito da laƙabin da ya bi fannin har yau, wanda za a iya fassarawa da basirar gungu. A shekarar nan kuma Rodney Brooks da Anita Flynn na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts suka ba da shawara cewa maimakon a kashe dukiya a aika da ƙaton saƙago ɗaya zuwa wata duniya, wanda in ya lalace shi ke nan, gara a aika da ƙanana masu yawa, masu arha, a sake su su yi ta kansu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ke nan. Ya kamata a lura da cewa a kan takardar tasu kanta sun bayyana injunan da cewa sun kuɓuce wa iko, kuma yabo suke nufi. Ruhin wancan zamani ke nan: rashin shugaba shi ne abin alfahari, gama gungun da ba shi da kai ba a sare masa kai.

Gwajin da ya fi kowanne nuna ƙarfin wannan ra'ayi shi ne wanda Ralph Beckers da Owen Holland da Jean-Louis Deneubourg suka bayyana cikin 1994. Sun warwatsa 'yan faya-fayai 81 a wani fili mai katanga, suka saki saƙago masu wani cokali a gaba. Doka uku kurum aka ba kowanne: ya miƙe gaba; in ya tarar da katanga ko ɗan'uwansa ya kauce; in kuwa ya ji nauyin abin da yake turawa ya kai na faifai uku, ya ja da baya ya bar su nan, ya juya. Ba wanda aka gaya wa ya tara kome, ba kuma wanda ya san akwai wani abu wai shi tsibi. Amma bayan wani lokaci sai ƙananan tsibi suka ɓullo, manya suka cinye ƙanana, daga ƙarshe duk faya-fayan suka taru wuri ɗaya. A cikin sakamakon akwai wani abu da ya cancanci a riƙe: saƙago uku sun fi ɗaya sauri, amma da aka kai su huɗu da biyar sai aikin ya koma baya, domin suna ɓata lokaci wajen kauce wa juna da rushe abin da wani ya tara. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Akwai kuma abu na biyu, wanda masu gwajin ba su ɗauke shi aibu ba a lokacin: ba wanda ya isa ya faɗi a wace kusurwa tsibin zai tashi. Mai sito kuwa da ke son kayansa a bakin ƙofa, wannan ba ƙaramin aibu ba ne a wurinsa.

A daidai wannan lokaci Ronald Kube da Hong Zhang na Jami'ar Alberta a Kanada suna fama da tura akwatin da ya fi ƙarfin saƙago ɗaya. Matsalarsu ita ce cijewa: waɗansu su dafa ta gabas, waɗansu ta yamma, kowa yana iyakar ƙoƙarinsa, akwati kuwa ko motsi. Maganin sai aka samo shi daga nazarin da John Sudd ya soma wallafawa cikin 1960 a kan tururuwa masu jan abinci, inda ya lura cewa in kaya ya cije, tururuwa takan fara gyara tsayuwarta, in bai yi ba ta saki ta zagaya ta kama wani gefe. Aka sa wa saƙago wannan ɗabi'a, akwati ya tafi. Daga nan Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani babban shiri mai suna Swarm-bots daga 2001 zuwa 2005, a ƙarƙashin Marco Dorigo na Jami'ar Burusel, inda aka ƙera saƙago masu baki kamar awartaki, suna kama juna su yi sarƙa. Sun taɓa jan wata ƙaramar yarinya da ke kwance a ƙasa suka ratsa ɗaki da ita. A wannan hoto mai motsi, wanda ya zaga duniya, mutum ya shigo cikin labarin, amma a matsayin kaya.

To, yaya za a yi mutum ya koma mai ba da umarni? Nan ne aka tarar da wani lissafi mai wuya. Cikin 2003 Dan Olsen da Michael Goodrich na Jihar Utah suka tsara shi da sauƙi: kowane saƙago yana da tsawon lokacin da zai iya aiki ba a kula da shi ba, yana kuma da tsawon lokacin da mutum zai ɓata wajen gyara masa hanya. Alal misali, in yana iya minti tara shi kaɗai, gyaransa kuma yana cin minti ɗaya, to, mutum guda zai iya riƙe kamar goma. Wannan ya yi daidai da goma, ya yi da ashirin in an matsa. Amma ba ya yi da dubu, kuma dubun ta zo. Cikin 2014 Michael Rubenstein da Radhika Nagpal da abokin aikinsu na Jami'ar Harvard suka nuna gungun saƙago 1,024 masu suna Kilobot. Faɗin kowanne ya ɗan haura santimita 3, kayan haɗa shi ba su wuce na dala 14 ba, ba shi da taya sai ƙafafu uku na waya da yake karkarwa a kansu yana gusawa. Da hasken da ido ba ya gani suke magana da maƙwabtansu na kusa, kuma da haka suka jera kansu suka yi siffar tauraro da ta harafin K, kowace siffa tana cin wajen sa'a 12. Wanda ya yi tunanin kunna inji dubu ɗaya bayan ɗaya da yatsa zai gane dalilin da ya sa ba a yi musu maɓalli ba sam. Daga wata fitila da ke rataye a sama ake tashe su gaba ɗaya, a ba su darasi gaba ɗaya. Hatta cajin batir, jera su ake yi tsakanin faranti biyu na ƙarfe su sha tare.

Ashe dai wanda zai sarrafa dubu dole ya daina ganinsu ɗaya-ɗaya, ya koyi sana'ar makiyayi. Makiyayi ba ya gaya wa kowace saniya inda za ta sa ƙafa. Yakan yi kira wanda duk garke zai ji, ko ya ja ta gaba sauran su bi, ko kuwa ya tare wata hanya ya bar wata a buɗe. Waɗannan su ne hanyoyin da masu bincike suka yi ta gwadawa, ko da yake ba daga makiyaya suka koya ba.

Hanyar jan na gaba ta samu goyon baya daga masana dabbobi. Iain Couzin da abokansa sun nuna cikin 2005 cewa 'yan kaɗan da suka san hanya suna iya jan taro duka ba tare da sauran sun san su wane ne jagororin ba, kuma gwargwadon girman taron, gwargwadon ƙanƙantar kason da ake bukata. Cikin 2007 José Halloy da abokansa a Burusel suka shafa wa 'yan saƙago warin kyankyaso, suka cuɗa su da kyankyasai na gaske, har suka rinjaye su suka taru a maɓoya mai haske, alhali kuwa kowa ya san kyankyaso da son duhu. A wajen ɗaukar kaya kuwa, dabarar da ta fi ban sha'awa ta fito ne daga Jami'ar Sheffield cikin 2015, a hannun Jianing Chen da Roderich Gross da abokansu. Doka ɗaya ce: saƙago ya zagaya kayan, ya tura shi daga inda kayan ya kare masa ganin wurin da za a kai shi. Tun da duk inda ba a hango masauki bayan kaya ne, turin kowa sai ya fuskanci gaba ba tare da sun yi magana da juna ba. Da aka mai da masaukin ya zama wani saƙago da mutum ke tuƙawa daga nesa, sai ga mutum guda yana jan kaya da gungun masu turinsa duka, alhali inji ɗaya kurum ke hannunsa.

Hanyar kira ɗaya ga kowa ita ce ta fi cancantar a dakata a kanta, domin ita ce ta fi tona yadda hankalin mutum yake. Aaron Becker, wanda a lokacin yake Jami'ar Rice a birnin Houston, ya fara ne daga wata bukata ta likitanci. Ana fatan wata rana a zuba ƙwayoyin inji da ba su kai ƙwayar gero ba a cikin jini, su kai magani inda ciwo yake. Irin waɗannan ba su da wurin ɗaukar batir ko kwamfuta; da maganaɗisu ake jansu daga waje, shi kuwa maganaɗisu ba ya zaɓe, in ya ja gabas duka za su yi gabas. Ta yaya za a yi aiki da rundunar da kowane umarni yake hawa kan kowa? Becker ya nuna cikin 2013, da gungun Kilobot masu bin haske, cewa katanga da cikas su ne abokan mai tuƙi: in aka kora gungu ya dafe da bango, na gaba sukan tsaya na baya su cim musu, da haka ake tattara su ko a raba su. Sa'an nan shi da Chris Ertel da James McLurkin suka buɗe wani wasa a intanet, suka gayyaci duk mai so ya zo ya tura akwati cikin lunguna da irin wannan gungu, suna auna lokacin da kowa ya ɗauka.

A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen an bambanta abin da mai wasa ke gani. Wani an nuna masa kowane saƙago inda yake. Wani an nuna masa zaren da ya kewaye gungun daga waje. Wani ɗigo ɗaya kurum aka ba shi, watau tsakiyar gungun, wani kuma ɗigon tare da da'irar da ke nuna yadda suka bazu. Hankali zai ba da cewa wanda ya ga kome shi zai yi nasara. Sakamakon ya zo da akasin haka: masu ganin tsakiya da bazuwa su suka fi sauri, suka bar masu ganin kowane saƙago a baya, masu zaren kewaye kuwa suka zo na ƙarshe. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne, wanda ke ganin kowa yakan shagala da bin ɓatattu biyu ko uku da suka maƙale a lungu, ya manta da akwatin. Wannan sakamako yana da nauyi ƙwarai, gama al'adar masu ƙera na'urori ita ce su cika wa mai aiki allo da bayanai, suna zaton taimakonsa suke yi.

Kusa da wannan akwai abin da masu bincike na jami'o'in Carnegie Mellon da Pittsburgh, cikinsu har da Katia Sycara da Michael Lewis, suka bayyana cikin 2012. A wajen saƙago guda, duk jinkirin da mutum ya yi kafin ya kula da shi hasara ce. A wajen gungu kuwa sun tarar cewa wani lokaci jinkirin shi ne alheri: in aka ba da sabon umarni tun gungun bai gama daidaita kansa a kan na farko ba, yakan tarwatse ya rabu gida-gida, amma in aka dakata kaɗan sai umarnin ya zauna. Wannan hali ne mai wuyar koyo ga ɗan Adam, wanda in ya ga abu yana neman karkacewa hannunsa ke riga tunaninsa kai wa. Har ila yau, jikin mutum ma yana da nasa ra'ayi. Gaëtan Podevijn da abokansa a Burusel sun auna bugun zuciya da gumin fatar mutanen da aka zaunar kusa da saƙago cikin 2016, suka ga duka biyu suna ƙaruwa in an ƙara yawan injunan, ko da yake ba abin da injunan ke yi sai yawo.

Shekarar 2016 ta kawo abubuwa biyu daga Jami'ar Stanford. Na farko, saƙago shida da nauyinsu duka bai wuce giram 100 ba sosai suka ja mota mai nauyin kilo 1,800, da taimakon tafin ƙafa mai manne wa ƙasa irin na tsaka. Sirrin kuwa shi ne jan hankali mai tsawo a tare, ba fizga ba. Na biyu su ne Zooids, waɗanda Mathieu Le Goc da Sean Follmer da abokansu suka ƙera tare da masana daga Faransa. Waɗannan a kan tebur suke zama, faɗin kowanne santimita 2.6, majigi na haska su daga sama don su san inda suke. Mutum yakan ɗebe su da hannu kamar tsakuwar dara, ya ja ɗaya sauran su biyo su yi layi, ko su taru su turo masa wayarsa. A nan tazarar da keji ya kafa tun zamanin Unimate ta kau gaba ɗaya, sai dai kayan da suke iya turawa bai wuce abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya ba.

Duk waɗannan a ɗakunan gwaji suke. Mai neman inda ɗaruruwan saƙago ke ɗaukar kaya kullum don neman riba, sai ya tafi manyan sito-sito na masu sayar da kaya ta intanet, kuma abin da zai tarar can ya saɓa wa mafarkin 1989 ta kowace fuska. Mick Mountz ya yi aiki a kamfanin Webvan mai kai kayan masarufi gida-gida, wanda ya karye cikin 2001, ya kuma ga yadda tsadar tattara kaya daga kantoci ke cinye riba. Cikin 2003 ya kafa kamfanin da aka sani da Kiva Systems, Peter Wurman da Raffaello D'Andrea suka haɗa hannu da shi. Dabararsu ita ce a bar ma'aikaci tsaye, kanta ta zo masa. Saƙago mai ruwan lemo, gajere, yakan kutsa ƙarƙashin kanta ya ɗaga ta cak, ya bi alamomin da aka manna a daɓe ya kawo ta gaban mutum, haske ya nuna masa abin da zai ɗauka, ya ɗauka, kanta ta wuce, wata ta matso. Kamfanin Amazon ya sayi Kiva a watan Maris na 2012 a kan dala miliyan 775, kuma cikin 2025 ya ba da sanarwar cewa saƙagonsa sun kai miliyan ɗaya.

Mai kallo daga sama zai ce tururuwa ce, amma ba ita ba ce. Babbar kwamfuta ce ke raba wa kowane inji aiki, ta san inda kowace kanta take. Watau uwar garar da Grassé ya tuɓe wa sarauta, masu sito sun naɗa ta. Ba kuwa abin mamaki ba ne, gama ɗan kasuwa ba ya iya jiran tsibi ya tashi inda ya ga dama. Shi kuma mutum, wanda masu bincike ke ta shirya wa sandar makiyayi, a nan an ba shi aikin da injin bai ƙware a kai ba tukuna, watau sa hannu cikin tarkace a zaro abu ɗaya. An hutar da shi tafiyar mil goma ko fiye da akan yi a wuni cikin tsofaffin sito, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma tafiyar nan ita ce ke ba hannu da kafaɗa hutu tsakanin ɗauka da ɗauka. Cikin 2020 'yan jaridar bincike na Reveal a Amurka suka wallafa bayanan cikin gida na kamfanin na shekarun 2016 zuwa 2019, waɗanda suka nuna cewa munanan raunuka a sito masu saƙago sun fi na sauran da kimanin kashi 50 cikin ɗari, ma'aikata kuma suka shaida cewa adadin da ake nema daga gare su ya tashi daga wajen kaya 100 a sa'a zuwa wajen 400. Kamfanin ya musa fassarar da aka yi wa alƙaluman. Shingen ma bai tafi ko'ina ba: filin saƙagon Kiva a kewaye yake, kuma cikin 2019 aka ba da labarin wata falmaran mai aika sigina da masu gyara ke sawa in za su shiga, don injunan su ji zuwansu su rage gudu su kauce.

Su kuwa masana ƙwari ba su bar tururuwarsu ba. Ofer Feinerman da ɗalibansa na Cibiyar Weizmann a Isra'ila sun nuna cikin 2015 cewa a cikin masu jan kaya, yawancinsu bin inda kayan ya nufa kurum suke yi, sai wata sabuwar zuwa da ta san hanyar gida ta kama, ta karkata tafiyar na ɗan lokaci, ita ma ta rikice ta zama mabiya, wata kuma ta zo ta karɓa. A ƙarshen 2024 suka wallafa wani gwaji da ya haɗa tururuwa da mutane a kan matsala guda: a fitar da wani kaya mai siffar harafin T ta ƙananan ƙofofi biyu da ke tsakanin ɗakuna uku, abin da ba ya yiwuwa sai an juya shi, har a wani wuri an koma da baya. An yi ƙaramin fili don tururuwa, babba don mutane. Mutum guda ya fi tururuwa guda nesa ba kusa ba. Amma tururuwa da suka kai wajen 80 sun fi 'yan kaɗan ƙwarewa, suna dagewa a kan hanya ɗaya har su gwada ta sarai kafin su sake wata. Mutane kuwa taruwarsu ba ta ƙara musu kome ba. Waɗansu ƙungiyoyin, masu kai wa mutum 26, an sa musu takunkumin fuska da baƙin tabarau, an hana su magana da nuni, aka bar su da abin da kowa ke ji a hannunsa ta mariƙin da aka sa wa ma'aunin ƙarfi, kamar dai yadda tururuwa ke ji. Waɗannan sun kasa abin da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai: sukan bi rinjaye su ja kayan kai tsaye zuwa ƙofar da ke gabansu, ya cije, kuma a waɗansu zagayen tururuwan sun fi su.